Suna ɗaya, bashi biyu: yadda ake tsara teburan rumbun bayanai da fom ɗin cika su

Da kakar bara na zauna a zauren wani mai unguwa, a wani ƙauye da ke bin hanyar ruwan noman rani tsakanin Kura da Bunkure, ina kallon dattawa biyu suna neman ɓata zumuncin shekara da shekaru a kan buhu 3 na taki. Sunansu ɗaya, sunan mahaifansu ɗaya, ƙungiyarsu ma ɗaya: ƙungiyar manoman shinkafa mai ba 'ya'yanta taki bashi lokacin shuka, su biya da shanshera in an yi girbi. Ɗayan ya biya. Ɗayan yana jiran farashi ya ɗan ɗaga tukuna. Amma a kwamfutar sakatare, wanda bai biya ba shi ne ya fita fes, wanda ya biya kuwa ga jan fenti a kan sunansa.

"Ɗana, ni fa da kaina na ɗoro buhunan nan a amalanke na kawo," in ji dattijon, murya na rawa.

"Baba, ka yi haƙuri. Abin da na gani a rubuce nake faɗa."

Sakataren ƙanena ne, ɗan kawuna, yaro mai riƙon amana, shi ya sa aka kira ni. Mai unguwa ya juyo ya ce, "Malam, kai ka san kanta. Ita wannan abar tana ƙarya ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta ƙarya, amma ba ta san mutum ba. Suna kawai aka ba ta, sunan kuma na mutum biyu ne." Daga ƙarshe mai awo ne ya raba gardama, domin ya tuna shanun wa suka jawo kayan.

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa. Ranar biya, yaron ya buga sunan a wurin nema, layin da ya fara fitowa ya rubuta masa "ya biya", ya wuce ga na gaba, don layin mutane ya kai bakin titi. Ban ga laifinsa ba. Laifin yana ga yadda aka shimfiɗa shafin tun farko, kuma irin wannan shafin na gan shi a makarantun Islamiyya, a shagunan magani, a hannun masu karɓar adashi, har da ƙananan asibitoci.

Shafi ɗaya ne mai faɗi a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta. Daga hagu: suna, ƙauye, lambar waya, sai "taki na 1", "taki na 2", "taki na 3", sai "biya na 1", "biya na 2", sai "saura", sai wani gurbi na ƙarshe mai suna "bayani" inda ake zuba duk abin da ya rasa masauki. Kowace kaka a kwafi sunayen a liƙa a ƙasa, a ci gaba. Manomin da ya yi kaka 6 a ƙungiya yana da layi 6, kuma an rubuta sunansa da ƙauyensa da wayarsa sau 6. Ya canza layin waya, an gyara a wuri ɗaya, an bar biyar da tsohuwar lamba; yanzu wace ce ta gaskiya? Sabon mamba da bai karɓi komai ba tukuna ba shi da inda za a sa shi, tunda kowane layi na bashi ne. Wanda ya gama biya kuma, in aka goge layinsa don a rage cunkoso, lambar wayarsa da ƙauyensa sun bi layin sun tafi.

Waɗannan cututtuka uku tsofaffi ne, an daɗe da gano maganinsu. A shekarar 1970 wani masanin lissafi haifaffen Ingila, Edgar Codd, da ke aiki a kamfanin IBM a Kalifoniya ta Amurka, ya wallafa maƙalar da ta zama tushen abin da ake kira rumbun bayanai mai alaƙa. Shawararsa ita ce a ajiye bayanai a tebura daban-daban, wato jadawaloli masu layuka da gurabe, kowane tebur na abu iri ɗaya, a riƙa haɗa su ta wata ƙima da suka yi tarayya a kai. A 1971 ya ƙara fito da ƙa'idojin tace tebur mataki-mataki. Daga aikinsa ne wasu abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka samar da harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, wanda ya zama SQL. Microsoft Access da ya fito a 1992, da LibreOffice Base da ake samu kyauta, da MySQL, da PostgreSQL, da SQLite da ke zaune cikin kowace wayar Android, duk manhajojin rumbun bayanai ne da aka gina a kan wannan tunani. In aka tsame lissafin aka bar tsabar, abin da ya rage shi ne: kowace gaskiya a rubuta ta sau ɗaya, a wuri ɗaya, duk mai buƙatarta ya yi nuni zuwa can.

Faɗa da sauƙi. Wahalar tana wajen gane mene ne "abu" a cikin harkar da ake so a rubuta, kuma wannan aikin ba a gaban kwamfuta ake yin sa ba. Ni da ƙanen nawa da ma'ajin ƙungiya mun zauna a gindin darbejiya da littafi da biro, na ce su ba ni labarin kaka guda daga farko har ƙarshe, kamar ban taɓa ganin shinkafa ba. Suna magana ina tsintar sunayen abubuwa: manomi, ƙauye, gona, kaya, kaka, karɓa, biya. Kusan kowanne daga cikinsu tebur ne mai zaman kansa. Daga nan duk bayanin da ya taso sai mu yi masa tambaya guda: kai na wane ne? Lambar waya ta manomi ce. Nauyin buhun taki na kaya ne. Ƙaramar hukuma fa? Ma'aji ya ce ta manomi ce, tunda kowa ana tambayarsa ƙaramar hukumarsa. Na ce a'a, ta ƙauye ce. In ka san ƙauyen mutum, ka riga ka san ƙaramar hukumarsa. Sai a rubuta ta sau ɗaya a teburin ƙauyuka, kada a maimaita ta a gaban mutum 40 da suka fito daga ƙauye guda, har wata rana a wayi gari rabinsu na Kura rabinsu na Garun Malam alhali maƙwabtan juna ne. Wannan ita ce ƙa'ida ta uku a cikin matakan Codd, ko da ba a kira ta da sunanta ba.

Sai maganar mabuɗi, wadda ita ce ta kai mu zauren mai unguwa. Kowane layi a kowane tebur yana buƙatar wata alama da babu mai irinta, ba ta canzawa, kuma ba a barin ta fanko. Suna ba zai iya wannan aiki a ƙasar Hausa ba, ko kusa. Mutum ɗaya yau a rubuta shi Muhammad, gobe Muhammadu, jibi Muh'd, alhali duk ƙauyen Mamman suke ce masa. Abdullahi shi ne Audu. A'isha ita ce Indo. Wadda sunan yankanta ke kan takarda, ba wanda ya san ta sai da Ladi ko Talatu ko Jummai. Ga kuma alkunya: ka tambayi dattijuwa sunan maigidanta ta sunkuyar da kai ta ce "Malam", ka tambaye ta sunan ɗan farinta ta dubi ta kusa da ita ta ce ta faɗa maka. Mai cika fom da bai san wannan ba zai koma da "Malam" 15 a gurbin sunan miji. Shi ya sa teburin manoma namu yake da gurbin sunan yanka, da na sunan mahaifi, da na laƙabin da aka fi sanin mutum da shi. Na ukun shi ya fi amfani ranar rabo, domin shi ake kira mutum ya amsa.

Lambar waya ma ba mabuɗi ba ce. A gida ɗaya, maigida da matansa biyu da ƙanensa duk lamba ɗaya suka bayar, don waya ɗaya ce a gidan. Layi yana ɓata, a sayi wani. Lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN, ta fi su ƙarfi tunda ba ta maimaituwa, amma ba kowa ke yawo da ita ba, ana kuskuren buga ɗaya daga cikin alƙalumanta 11, kuma bayani ne mai nauyi da bai kamata a riƙa watsa shi a kowane tebur ba. Abin da ya fi shi ne ƙungiya ta ba kowane mamba lambarta ta kanta, 1, 2, 3, lambar da ba ta ɗauke da wata ma'ana. Akwai masu sha'awar cusa ma'ana a ciki, su ce haruffan farko na ƙauye ne, na biyu na shekara. Ina hana su. Ranar da mace ta yi aure ta koma wani ƙauye, ko dai lambar ta zama ƙarya, ko a canza ta a tsinka duk igiyoyin da suka ɗaure ta da bashinta na baya.

Ƙauyukan su ma suna buƙatar lambobinsu. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa na da 27, kuma da wuya ka ratsa biyu ko uku ba ka ci karo da Sabon Gari ko Unguwar Liman fiye da ɗaya ba. Ko manyan garuruwa ba su tsira ba: Ɗambatta, Dambatta, Danbatta, Haɗeja, Hadejia. Ga ɗan Adam ukun farko duk wuri ɗaya ne, ga kwamfuta kuwa wurare uku ne, kuma in ka nemi jimillar takin da ya tafi can sai ta raba maka shi kashi uku. Haruffanmu masu ƙugiya suna da nasu rikicin. Rumbun da aka saita a kan UTF-8, tsarin ajiye haruffan harsuna daban-daban a kwamfuta, zai ajiye ɓ da ɗ da ƙ lafiya lau, amma wanda ya buga Kasimu a wurin nema ba lallai ya ga Ƙasimu ba, kuma yawancin wayoyi ba su da allon rubutu mai ƙugiya sai an sauke shi. Ban yarda a jefar da ƙugiyar ba, domin ƙasa ba kasa ba ce. Dabarar da muka yi ita ce ƙarin gurbi ɓoyayye da ke riƙe da sunan ba ƙugiya, don nema kawai.

Wani ɗan ƙaramin abu da ke ɓata aiki mai yawa: lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce, kuma da sifili take farawa. In aka gaya wa kwamfuta cewa gurbin na lissafi ne, sai ta cinye sifilin, tunda a lissafi 080 da 80 ɗaya ne. Haka take yi wa lambar asusun banki mai alƙaluma 10 in ta fara da sifili. Duk lambar da ba za ka tara ta ko ka ɗebe daga cikinta ba, rubutu ce, a ajiye ta a matsayin rubutu.

Da zarar kowane manomi ya sami lamba, sai "taki na 1, na 2, na 3" su rushe da kansu. Ƙanena ya daɗe bai saki wannan ba. Ya ce ai ba wanda ke karɓa fiye da sau uku. Na ce to wanda ambaliya ta cinye masa shukar farko ya dawo karo na huɗu, ina za ka sa shi? Ya ce a "bayani". Nan ne kuɗin ƙungiya ke nutsewa, domin abin da ke cikin "bayani" ba ya shiga lissafi. Maganin shi ne karɓa ta zama tebur: kowace karɓa layi guda, ɗauke da lambar manomin da ya karɓa, da rana, da kaka. Ba a sake rubuta sunansa. Lambarsa aka aro daga teburin manoma, ita ce igiyar. Manomi ɗaya, karɓa ko sau nawa, kamar uwa da 'ya'yanta: uwa na iya haifar goma, amma kowane ɗa uwarsa ɗaya ce, shi ya sa a jikin ɗan ake rubuta ta wace ce, ba a jikin uwar ake jera gurabe goma ana jiran haihuwa ba. Tunda kuma a zuwa ɗaya mutum kan ɗauki NPK da yuriya da maganin feshi, sai aka ƙara tebur na ƙasa da shi, mai riƙe da kayan da ke cikin kowace karɓa, kamar rasit da layukan da ke jikinsa. Biya ma haka: kowane zuwa layinsa.

Gona ta fi ba mu wuya, kuma a nan ne na ga amfanin zama da mutanen da suka san harkar. Na zo da tunanin cewa manomi ɗaya na da gonaki da yawa, shi ke nan. Ma'aji ya yi murmushi ya fara lissafa mini: akwai gandu da 'yan'uwa huɗu ke nomawa tare, akwai gonar aro, akwai ta haya da ake karɓa rani guda, akwai ta jingina da ke hannun wani har sai an fanshe ta. Gona ɗaya, da damina tana hannun mai ita, da rani tana hannun ɗan haya. Wato manomi na iya riƙe gonaki da yawa, gona ma na iya ratsa hannun manoma da yawa. Irin wannan alaƙa ba ta zama a teburin manoma, ba ta zama a na gonaki. Tana buƙatar tebur na uku, mahaɗa, wanda kowane layinsa ke cewa: wane ya riƙe gona kaza, a kaka kaza, ta hanya kaza. Da mun manna sunan "mai gona" a jikin gonar kawai, da bashin ɗan haya ya hau kan mai ita.

Ƙa'idar rubuta abu sau ɗaya tana da wani lungu da masu koyo ke faɗawa. Sun ji an ce kada a maimaita, sai su ajiye farashin taki a teburin kaya kaɗai. To farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ranar da aka gyara shi zuwa na bana, duk bashin bara sai ya kumbura ya koma sabon farashi, mutane su ga ana bin su abin da ba su ci ba. Farashin da aka ba mutum kaya a ranar da ya karɓa gaskiya ce daban, ta wannan karɓar ce, dole a rubuta ta a layinta. Akasin haka kuma shi ne "saura". Saura ba a ajiye shi. Jimillar karɓa ce a ɗebe jimillar biya, kuma duk lokacin da aka tambaya kwamfuta za ta lissafo shi sabo. In aka ajiye shi a gurbi, wata rana za a shigar da biya a manta ba a gyara shi ba, littafi ya riƙa musu da kansa.

Ma'auni ma sai an tsaya. Buhun taki daga masana'anta kilo 50 ne, ba gardama. Buhun shanshera kuwa ya danganta da buhun da kuma hannun da ya cusa shi; kwano da tiya ma ba ɗaya suke a kowace kasuwa ba. Gurbin da aka rubuta "3" kawai bai ce komai ba. Mun tsayar da kilo, mai awo ya faɗa a rubuta. Kwanan wata kuma a ba shi gurbin kwanan wata na gaske, domin 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. Shekarun mutum ba a ajiye su, don kullum ƙaruwa suke. Shekarar haihuwa ake ajiyewa, da wani ɗan gurbi da ke nuna ko tabbas ce ko kintace, saboda dattawa da yawa da wani abu da ya faru suke auna haihuwarsu. Fanko kuma daban yake da sifili. Sifili na nufin an tambaya an ce babu. Fanko na nufin ba a sani ba. Wanda ya cakuɗa su zai ba da rahoton cewa gonakin da ba a kai ga aunawa ba ba su ba da ko ƙwaya ba.

Duk wannan gini ne na ciki, kuma sakatare ba ya ganin sa ranar rabo. Abin da yake gani fom ne. Mai tsara fom ya kamata ya taɓa tsayawa a rana da waya a hannu, caji ya kusa ƙarewa, mutum 60 na jira, wani na cewa a sallame shi zai je ban ruwa. A irin wannan hali duk abin da fom ya bari a buga da hannu, za a buga shi iri biyar. Saboda haka abin da za a iya zaɓa, a zaɓa: ƙaramar hukuma daga jeri, sannan mazaɓun da ke cikinta kaɗai su fito, sannan ƙauyukan da ke cikin mazaɓar. Kaya daga jeri. Ranar yau ta cika kanta. Tambayoyi su bi yadda zance ke tafiya tsakanin mutum biyu, ba yadda gurabe suka jeru a tebur ba, kuma da Hausar da ake yi a wurin. In ka rubuta "sunan iyali" wani zai ba ka sunan matarsa. Ka rubuta "sunan mahaifi" ka huta.

Fom ɗin biya namu da lambar mamba yake farawa. Ana buga ta sai sunan yanka da laƙabi da ƙauye da abin da ake bin mutum su bayyana, sakatare ya karanta da ƙarfi, mai biya ya ce "ni ne", sannan gurbin kilo ya buɗe. Fom ɗin rajistar sabon mamba kuma ba ya buɗewa sai an fara nema an tabbatar ba ya ciki, domin yawancin tagwayen layuka daga nan suke shigowa. A Access da Base, rasit da layukansa ana yin su ne da babban fom a sama da ƙaramin fom a cikinsa, lambar karɓa tana sauka ƙasa da kanta ba tare da kowa ya buga ta ba.

Shinge yana da kyau, amma yana da iyaka. Waya ta cika alƙaluma 11, kilo kada ya zama ƙasa da sifili, ranar biya kada ta zama ta gobe: waɗannan a hana su ƙememe. Amma wanda ya kawo kaya fiye da yadda aka saba, a tambaya "ka tabbata?" a bar shi ya wuce, don wani lokacin Allah ne ya yi wa gonar albarka. Babban kuskuren da na fi gani shi ne tilasta cika kowane gurbi. Tsohuwa ba ta da waya, fom ya ƙi wucewa, me kake tsammani? Mai cikawa zai sa tasa lambar, ko ya jera sifili 11. Ka kori fanko mai gaskiya ka shigo da ƙarya mai kama da bayani. A bar ƙofar "babu" da "ban sani ba" da "wani daban" a buɗe. Sannan muhimman shingayen a kafa su a jikin teburin kansa, ba a fom kaɗai ba, domin wata rana wani zai kwaso bayanai daga wani fayil ya zuba kai tsaye, fom bai gani ba.

Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, mutane da yawa sun koma ga manhajojin tattara bayanai irin su ODK, wanda aka fara a Jami'ar Washington a 2008, da KoboToolbox, domin ana cika fom a waya ba intanet, a tura in an sami sabis. Suna da kyau ƙwarai wajen tattarawa, amma ba sa ɗauke wa mutum tunanin tebura. In fom na da sashe mai maimaituwa, kamar gonakin mutum ɗaya, a shafi daban zai fito, ɗaure da lamba. Akwai kuma tarko: in mutum biyu na rajista a ƙauyuka biyu ba sabis, kowa na ba da lamba ta gaba da kansa, za a sami mamba na 201 guda biyu. Mu kati muka buga tun daga gari, kowanne da lambarsa, aka raba wa masu rajista, katin da ya fita ya fita.

Kada a ɗauka ƙauye ne kaɗai ke tuntuɓe a nan. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona 15,841 bai shiga rahotonta ba, saboda ana zuba bayanan a tsohon nau'in fayil ɗin Excel da ba ya wuce layi 65,536. Excel gwani ne wajen lissafi da zana jadawali, ni ma kullum ina amfani da shi, amma ba ya hana ka rubuta biyan mutumin da babu shi. A gefe guda, ba kowace harka ke buƙatar rumbun bayanai ba. Adashin mata 12 da suka san juna tun suna 'yan mata, littafi mai bango ya ishe su. Sai mutane sun yi yawan da sakatare ba zai iya riƙe fuskokinsu ba, harka kuma ta riƙa maimaituwa kaka bayan kaka, sannan wahalar ginin take biyan kanta.

Goge layi shi ne abin da na fi tsoro. Rumbu mai alaƙa na iya hana a goge manomin da ke da karɓa ko biya a ƙarƙashinsa, kuma ya kamata a kunna wannan kariya. Akwai wani zaɓi kusa da ita da ke cewa in an goge uwa a bi 'ya'yan duka a goge. A harkar bashi kada a taɓa shi. Mamba in ya rasu ko ya fita, alama ake sa masa, tarihinsa ya zauna, domin magada za su zo tambaya. Kuskuren biya ma ba a kankare shi. A shigar da layin gyara da ke warware shi, da sunan wanda ya gyara da ranar. Kowane layi ya riƙe wanda ya shigar da shi. Wannan kariya ce ga sakatare kafin kowa, ranar da za a ce ya ci amana. Bayanan nan kuma na mutane ne, har da bashinsu da wayoyin matansu, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a. Abin da ba a buƙata kada a tambaya, a sa kalmar sirri, a riƙa ɗaukar kwafi duk mako a ajiye a wani gida daban da inda kwamfutar take.

Da aka zo rabon takin rani, dattawan nan biyu suna cikin layi, kowa da katinsa a aljihun gaba. Ƙanena ya buga lamba, ya kira laƙabi, mai shi ya amsa, aka wuce. Wajen la'asar sai ga wata mata da katin maigidanta. Yana kwance ba lafiya, ya aiko ta ta karɓar masa buhu 2. Kowa ya san ta, ba wanda ya yi musu. Amma fom ɗin ba shi da inda za a ce wani ne ya karɓa a madadin mai kati, kuma a duk zamanmu na gindin darbejiya ba wanda ya tuna da aike, alhali kullum ana yin sa. Yaron ya ɗago ya ce, "Yaya, in sa a nasa kawai?" Na ce ya ba ta kayan, ya rubuta a takarda da shaidu biyu. Da dare, bayan sallar isha'i, muka buɗe teburin karɓa muka ƙara gurabe biyu: wanda ya zo karɓa, da dangantakarsa da mai kati.